Tallafin Intanet A Ƙasar Gumel: Kada A Kai Wa Mai Rijiya Ruwa

A watan Mayun shekarar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasar nan, aikin da aka ƙiyasta zai lashe dala biliyan 2, kuma a watan Oktoban 2025 Bankin Duniya ya amince da bayar da rancen dala miliyan 500 domin a aza harsashinsa. Ita faiba, ga wanda bai sani ba, zare ne na gilashi mai sirantar gashin kai da ake binnewa a ƙarƙashin ƙasa, saƙo yana bi ta cikinsa da haske, kuma ita ce ke ɗaukar intanet mai sauri daga wannan gari zuwa wancan. Duk wanda ya saurari jawaban da jami'an gwamnati ke yi a kan wannan aiki zai ji kalma ɗaya tana ta maimaituwa, wato karkara. Za a kai intanet karkara, za a fitar da mutanen karkara daga duhu. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan buri. Amma tunda rance ne, kuma talakan ƙasar nan ne zai biya shi ko ba jima ko ba daɗe, ya zama wajibi mu tambaya: wace karkarar ake nufi, kuma wa zai amfana idan wayar ta iso?

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina lura da yadda kalma guda kan lulluɓe abubuwa mabambanta har ta hana a gan su. Karkara a bakin Bahaushe ita ce ƙasar da ke wajen birni, gonaki da ƙauyuka da rugage. Kalmar ba ta cewa komai game da aljihun mazaunanta. Amma da ta shiga takardun gwamnati sai ta koma daidai da talauci, ta yadda duk wurin da aka yi wa laƙabi da ita ya cancanci tallafi ke nan ba tare da wani bincike ba. A nan gizo ke saƙar, domin da babban dillalin da ke loda tirela biyar ta shanu a mako da matar da ke kai kaji biyu kasuwa domin ta sayi gishiri da magi, a taswirar jami'in da ke zaune a Abuja duk mutanen karkara ne.

Ƙasar Gumel misali ce mai kyau ta wannan ruɗani. Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗu suka yi masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma a ƙidayar 2006 jama'arsu sun doshi rabin miliyan. Idan aka dube ta da idon ƙididdiga, ƙasa ce ta talakawa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa ya nuna cewa kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikin wannan hali, amma a Jihar Jigawa adadin ya haura kashi 84 cikin 100. Ƙasa ce ta rairayi da gajeriyar damina, ta gero da wake da riɗi, inda matasa da yawa kan tafi cin rani da zarar an gama girbi.

Sai dai a cikin wannan ƙasa ɗin dai ake cin kasuwar Maigatari kowace ranar Alhamis, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu da raƙuma da dawaki da tumaki da awaki suna gangarowa daga ƙasar Damagaram da abin da ke bayanta, fatake kuma suna haurowa daga Legas da Fatakwal da Onica su loda su yi kudu. Riɗin wannan yanki yana kaiwa har ƙasashen Asiya, zoɓorodonsa kuma ana shan sa a Meziko. A Maigatarin ne aka kafa yankin ciniki maras haraji na kan iyaka tun farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Gwamna Saminu Turaki, ko da yake ya ɗauki shekaru bai cika burin da aka ɗora masa ba. A Gagarawa kuma an keɓe fili domin masana'antu, sannan ga gonar rake mai hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee, wadda a shekarar 2017 jaridu suka cika da koke-koken manoman da aka karɓi gonakinsu saboda ita. Saboda haka akwai tsibiran dukiya a tsakiyar wannan talauci, kuma su ne za su fara miƙa hannu ranar da aka ce ga tallafin intanet ya zo, domin su ne ke da baki a Dutse, su ne suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne bai kamata kuɗin jama'a ya biya wa waɗannan tsibirai kuɗin jona intanet ba. Amma maganar ba ta da sauƙi kamar yadda ta fito, kuma ina ganin ya dace a bi ta daki-daki.

Mu fara da sanin kuɗin waye ake magana. Dokar Sadarwa ta Nijeriya ta shekarar 2003 ta kafa wani asusu na musamman domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa zuwa saboda babu riba, wanda aka fi sani da USPF. Ana cika shi ne daga kuɗin da kamfanonin waya ke biyan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, duk shekara, kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin shigarsu, inda ake yankar wani kaso a zuba a asusun. Mai karatu ya san cewa kamfani ba ya haƙa kuɗi a rami. Daga katin wayar da muke saye yake fitar da su. Haka kuma duk wanda ya sa kati yana biyan harajin kayan masarufi, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020. Ma'ana, manomin da ke Jeke ko Ɗanzomo ko Medu, wanda wataƙila bai taɓa ganin takardar haraji da sunansa a jiki ba, yana zuba nasa kason a wannan asusu duk ranar da ya sa katin naira 200 domin ya kira ɗansa da ke cin rani a Legas. Ya kuma ɗauki nauyin ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanoni su yi a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Idan aka ɗauki wannan kuɗi aka ja faiba zuwa ofishin kamfanin da ke fitar da riɗi zuwa ƙetare, to an karɓa daga hannun maras shi an bai wa mai shi.

Lamarin ya fi muni idan aka zo kan yankin ciniki maras haraji. Dokar 1992 da ta kafa irin waɗannan yankuna ta yafe wa kamfanonin da ke cikinsu harajin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, domin a jawo masu zuba jari. An ji, an yarda. To amma wanda aka yafe wa biyan haraji, da wace fuska zai zo ya ce a ɗebi harajin da wasu suka biya a kawo masa intanet har cikin shingensa? An ba shi fili, an ɗauke masa haraji, sannan kuma a saya masa waya? Ko a gidan biki, wanda bai ba da gudummawa ba ba ya zaɓen tsoka.

Kuma masu hali ba su rasa mafita ba. Tun watan Janairun 2023 kamfanin Starlink ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan Adam a Nijeriya, ƙasar farko da ya shiga a nahiyar Afirka, kuma faifansa yana aiki a tsakiyar daji kamar yadda yake aiki a birni, muddin akwai wutar da za ta riƙe shi. A shekarar 2025 kuɗinsa na wata ya kai naira 57,000. Ga malamin firamare da albashinsa ke kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, wannan kuɗi ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Amma ga babban dillali, ko mai rumbun riɗi, ko kamfanin sukari, bai kai kuɗin rago guda ba. Manufar tallafi ita ce a isar da abu inda kasuwa ta kasa isarwa. Inda kasuwa ta riga ta isa, kuma mai saye yana da kuɗin saye, abin da aka ba shi kyauta ce, ko da wane suna aka kira ta.

Mun ga irin wannan a gida. Shekara da shekaru muna kashe tiriliyoyin naira a kan tallafin man fetur kafin a janye shi ranar 29 ga Mayun 2023, kuma kowa ya san mai motoci huɗu a gareji ya fi mai keke cin moriyarsa, ban da abin da ake tsallakawa da shi ƙasashen maƙwabta, wanda mutanen kan iyaka ba sa buƙatar a ba su labarinsa. Ko ƙasashen da suka riga mu nisa ba su tsira daga wannan tarko ba. A Amurka, hukumar sadarwar ƙasar ta yi gwanjon tallafin intanet na karkara a ƙarshen shekarar 2020, inda aka raba alƙawarin dala biliyan 9.2. Da masu bin diddigi suka ɗora taswirar wuraren da aka ce za a tallafa a kan hotunan ƙasa, sai ga filayen jiragen sama da wuraren ajiye motoci a cikin jerin karkarar da ba ta da intanet. Dole hukumar ta rubuta wa kamfanoni da dama a 2021 cewa su janye daga irin waɗannan wurare, kuma a watan Agustan 2022 ta hana kamfanin da ya mallaki Starlink dala miliyan 885 da ya ci a gwanjon, bisa hujjar cewa bai gamsar da ita zai iya cika alƙawarin ba. Idan ƙasar da ke da taswirar kowane gida za ta yi irin wannan tuntuɓe, ina ga mu da rabon mu da ƙidayar jama'a tun 2006?

To, amma akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. Kuɗin da ke juyawa a Maigatari ranar Alhamis yawancinsa baƙo ne, da safe yake zuwa, kafin almuru ya hau mota ya tafi. Garin da kuɗi ke ratsawa daban yake da garin da kuɗi ke kwana. A gefen kowane babban dillali akwai ɗaruruwan ƙananan mutane da abincinsu ke rataye da kasuwar: masu jan dabbobi, 'yan dako, masu sayar da igiya da dusa da harawa, mata masu abinci, yaran da ke riƙe da na'urar POS a ƙarƙashin laima, da makiyayin da ya kawo ɗan maraƙinsa guda domin ya yi wa iyali cefanen wata. Duk wanda ya ce Maigatari gari ne na masu kuɗi, saboda haka a cire shi daga lissafi, ya zalunci waɗannan bayin Allah.

Abin da ya faru a farkon shekarar 2023 ya isa shaida. Da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, ciniki ya koma ta waya a dole, sai layukan sadarwa da na bankuna suka kasa ɗaukar nauyin. A kasuwannin dabbobi na Arewa an ga yadda mai saye zai ce ya tura kuɗi, mai sayarwa ya tsaya yana kallon waya har rana ta faɗi saƙo bai shigo ba, ga shi ba shi da kuɗin motar komawa gida. Mutane da yawa sun karyar da dabbobinsu ga duk wanda ke riƙe da tsabar kuɗi. Babban ɗan kasuwa yana da asusu a bankuna uku da wayoyi biyu da wanda zai lamunce masa. Ƙaramin ne ya sha wuya. Haka aka sha a lokacin rufe iyaka daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da Maigatari ta kasance cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da kasuwar nan ta yi tari, ƙauyukan masarautar ne ke kwana da zazzaɓi. Saboda haka ingancin sadarwa a filin kasuwar maslaha ce ta jama'a.

Akwai kuma hujja ta biyu wadda ta shafi lissafi. Wayar faiba ba rijiya ba ce da za a haƙa a tafi a bar ta. Tana buƙatar wutar lantarki a tashoshinta, da masu gyara idan masu aikin hanya suka tsinke ta, da masu gadi. Yawan tsinkewar da lalata turakun sadarwa ne ya sa a shekarar 2024 Shugaban Ƙasa ya sanya hannu a kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa. Wa zai biya kuɗin kula da layin da aka ja zuwa ƙauyen da mutum ɗari biyu ne ke da waya, kuma kowannensu datar naira 500 yake saye a wata? Layin da ba shi da manyan masu saye a kansa, gwamnati ce za ta riƙa ciyar da shi har abada, kuma mun san yadda gwamnati ke ciyar da abin da ta haifa bayan an yanke kyalle an watse.

Mutanen Jigawa sun fi kowa sanin wannan. Tun kafin yawancin jihohi su san ma'anar intanet, gwamnatin Saminu Turaki, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta kafa kamfanin Galaxy domin haɗa jihar da intanet mai sauri, ta kuma buɗe cibiyar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure. Har kamfanin Galaxy Backbone da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006 yana da tushe a wannan yunƙuri na Jigawa. Hangen nesa ne da ya cancanci yabo, kuma cibiyar Kazaure ta yaye matasa da dama da ke cin abinci da iliminta a yau. Amma ga shi bayan fiye da shekara ashirin muna sake tattauna yadda za a kai intanet ƙauyukan jihar. Darasin da na ɗauka shi ne, sayen kayan aiki shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke da wuya shi ne a samu wanda zai riƙa biyan kuɗin tafiyar da su wata bayan wata, ko gwamnati ta sauya ko ba ta sauya ba.

Idan aka haɗa waɗannan hujjoji biyu da abin da na faɗa tun farko, ina ganin hanya ta fito. Babban layi, wato wanda zai taso daga Kano ko Dutse ya ratsa Gagarawa da Gumel ya dangana da Maigatari, ya yi reshe zuwa Sule Tankarkar, daidai yake da titin mota, kuma ya halatta kuɗin jama'a ya shiga cikinsa, bisa sharaɗin cewa kowane kamfanin sadarwa zai iya hawa kansa a farashi ɗaya, ba a mallaka wa kamfani guda ya riƙa tatsar sauran ba. Ya ma kamata a bi da shi ta inda kuɗi yake da gangan, domin masu kuɗin su zama su ne ke ɗauke da nauyin kula da shi. Amma daga bakin titi zuwa cikin yankin ciniki maras haraji, ko rumbunan 'yan kasuwa, ko gonar rake, ko masana'antun Gagarawa, wannan jan waya na mai gida ne, shi zai biya, kuma ya biya cikakken farashin wata ba tare da rangwame ba. Gwamnati tana yin titi, amma ba ta shimfiɗa wa attajiri kwalta a tsakar gidansa.

Kuɗin da aka tsimi ta wannan hanya shi ne za a ja rassa da shi zuwa inda babu kamfanin da zai je don kansa. Hukumar NCC ta daɗe tana lissafin irin waɗannan wurare: a 2013 ta ƙirga gungu 207 na garuruwan da ba su da sadarwa, masu mutane kusan miliyan 37, a 2022 kuma suka ragu zuwa 97 masu mutane kimanin miliyan 27. Mai karatu zai lura cewa gungu ya ragu da fiye da rabi amma mutanen ba su ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba, alamar cewa aikin da ya rage ba ƙarami ba ne. Shirin intanet mai sauri na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin kashi 70 cikin 100, amma wa'adinsa ya cika ana wajen rabi. A ƙasar Gumel, waɗanda ya kamata su zo a sahun gaba su ne Babban Asibitin Gumel da ƙananan asibitocin mazaɓu, da Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke horar da malaman da za su koyar da 'ya'yanmu, da makarantun sakandare na garuruwa irin su Galadi da Ɗanladi da Maiaduwa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an kayar da shi tun kafin ya karanta tambayar farko, kuma wannan rashin adalci ne da muke gani a jami'o'i duk shekara idan muka duba daga ina ɗalibanmu suka fito da kuma inda ba su fito ba.

Tarihi ma yana yi mana gargaɗi a nan. Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda ya kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, har yau akwai Gagarawa Tasha da ke ɗauke da sunansa. An ja shi ne domin kwasar gyaɗa da fatu zuwa bakin teku. Garuruwan da ke bakin layin sun ɗan taɓa arziki, na nesa da shi kuwa sai dai su ji kukan jirgi. Idan aka shimfiɗa faiba da irin wannan tunani, daga rumbun riɗi zuwa tashar jirgin ruwa, to an sake maimaita aikin Bature da sabon kaya, bambancin kawai shi ne wannan karon da bashin da jikokinmu za su biya aka yi shi.

Gwamnatin jiha tana da wani makami a hannunta wanda ba ya buƙatar ko kwabo daga baitulmali, wato kuɗin izinin haƙa gefen titi domin binne waya. Gwamnonin ƙasar nan sun amince a 2020 cewa kada ya wuce naira 145 a kan kowace mita, bayan wasu jihohi sun riƙa karɓar dubbai, wasu kuma irin su Kaduna suka yafe shi baki ɗaya. A wannan farashi, kilomita 20 naira miliyan 2.9 ke nan, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a kasafin jiha. Shawarata ita ce kada a yafe shi a banza, kada kuma a mayar da shi hanyar tara kuɗin shiga. A yi musaya da shi: duk kamfanin da ke son ya ratsa ƙasar Gumel kyauta, ya rubuta a yarjejeniya cewa zai jona kowace makaranta da asibitin gwamnati da ke kusa da layinsa, da sunayensu da ranar gamawa. Haka kuma ƙaramar hukumar Maigatari tana karɓar kuɗin shiga a kan dabbobi da motocin da ke shiga kasuwa. Idan ana son ƙarin turken sadarwa da wutar sola da za su ɗauki cinkoson ranar Alhamis, daga wannan kuɗi da gudummawar ƙungiyoyin dillalai ya kamata a fitar, tunda kasuwar tana iya ciyar da kanta.

Akwai wani ɓangare da masu zana taswira ba su cika kulawa da shi ba, kuma shi ne ya fi kusa da fagen karatuna. Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa a Afirka kudu da Sahara kashi 13 cikin 100 ne kawai ke zaune inda intanet ta waya ba ta kai ba, amma kashi 60 cikin 100 suna zaune a inda ta kai, sai dai ba sa amfani da ita. Dalilan sanannu ne: tsadar babbar waya, da tsadar data, da rashin iya karatu, da kuma harshe. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, idan aka miƙa masa manhajar banki da ke magana da Turanci zalla an mayar da shi jahili da ƙarfin tsiya. Abin da ya sa saƙon murya na WhatsApp ya karɓu a ƙauyukanmu ke nan, domin shi kaɗai ne bai nemi mutum ya sauya harshensa kafin ya shiga ba. Attajirin Maigatari yana da yaron da ke danna masa waya. Matar da ke Turbus ba ta da shi. Saboda haka idan har akwai rarar kuɗin tallafi, ya fi dacewa a kashe shi wajen fassara manhajojin asibiti da na aikin gona da na banki zuwa Hausa da Fulatanci, da murya ba rubutu kaɗai ba, da koyar da mata da manya a azuzuwan yaƙi da jahilci yadda ake amfani da su, a kan a ƙara wa wanda ya riga ya iya saurin da bai roƙa ba.

Na san za a ce masu zuba jari ba za su zo ba sai an shimfiɗa musu komai. Wannan magana mun sha jin ta, da ita aka karɓi gonaki, da ita aka yafe haraji. Mai jarin da zai fasa kafa masana'antar biliyoyin naira saboda an ce ya biya kuɗin jan waya na kilomita biyu, dama can ba da gaske yake ba. Abin da mai jari na gaskiya ke nema shi ne ya tarar da babban layi mai aiki a bakin titi, da wutar lantarki, da ma'aikatan da suka iya aiki, kuma waɗannan ma'aikata daga makarantun da nake cewa a fara jonawa za su fito.

Abin da ya rage shi ne a fito da komai fili tun kafin a fara haƙa. Ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi huɗu a Dutse da Abuja, da Majalisar Masarautar Gumel, da ƙungiyoyin ci gaban yankin, su nemi Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da gwamnatin jiha su buga taswirar hanyar da layin zai bi a ƙasar Lautai, da jerin makarantu da asibitocin da za a jona, da sunan duk wani kamfani mai zaman kansa da za a kai wa waya da abin da zai biya. A fassara takardar zuwa Hausa, a karanta ta a gidan rediyon jiha, a kuma liƙa ta a sakatariyar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda dagatai da shugabannin makarantu za su iya duba ko sunan garinsu yana ciki.